Ranar da Kawu bai amsa sallama ba

Idanuna sun gaji tun da sauran ƙarfina, kuma na san inda suka fara gajiya. A wani ɗan ofis ne a Kalgo, wajen ƙarshen shekarun casa'in, gaban wata kwamfuta da muke lulluɓewa da tsohon zanen atamfa idan an tashi aiki.

Ofishin na wani shirin noman rani ne. Ni asalina mai buga tafireta ne. Da aka kawo kwamfuta aka duba aka ga ni kaɗai yatsuna suka san inda haruffa suke, shi ke nan na zama mai kwamfuta, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Wani mutum ya zo daga nesa ya haɗa wayoyi. Ya nuna mini yadda ake zuba sunaye a rumbun bayanai, da yadda ake kifa hoto a kan gilashin sikana ya shige ciki, da inda ake dannawa rahoto ya fito da kansa, kowane manomi da sunansa da garinsa da fuskarsa a gefe. Ya ce in riƙa ɗaukar hotunan ƙanana don kada su cika faifai. Ya sha lemo, ya shiga mota, ban sake sa shi a ido ba.

Abin da ake so a raba injinan ban-ruwa ne ga manoman fadama na Kalgo da Diggi da Gwandu. Sharaɗin manya na Birnin Kebbi ɗaya ne: duk wanda za a ba inji sai an ga fuskarsa a rahoto, don kada mutum guda ya karɓa da suna uku. Ban ga laifinsu ba, na san halinmu.

Cikin manoman Gwandu akwai kawuna, yayan mahaifiyata. A gidansa nake hutu ina yaro. Albasa yake nomawa a fadama, kuma tun da na buɗe ido na san shi da jigo yake ba ta ruwa: doguwar sanda da dunƙulen laka a gindi, guga a baki, a sunkuya a ɗebo, a miƙe a juye, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Jigon nan ya cinye masa baya. A lokacin da nake ba da labari, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango, ya tsaya a rusune na ɗan lokaci kafin ƙugun ya yarda. 'Ya'yansa maza sun tafi neman abinci kudu. Kowa a dangi ya sani, in bai sami inji a wannan rani ba, ko dai ya bar fadamar ko fadamar ta kwantar da shi.

Na zuba sunaye, na kifa hotuna, na danna. Firinta ta yi ta ƙugi tana aman takarda. Na ɗaga shafin farko. Sunaye ras, garuruwa ras, amma fuskoki kamar an zubar da kunu a kan tabarma an shafa da hannu. Hula a sama, riga a ƙasa, tsakiya hazo.

Shugaban ofishinmu mutum ne mai gaggawa. Ya ce a kai haka nan, su can ba karantawa suke yi ba. Aka kai. Ba a jima ba rahoton ya dawo, da saƙon baki cewa duk fuskar da ba a gane ba za a cire mai ita, kuma ba za a jira mu ba. Shugaban ya jefa mini shi a kan tebur.

"Malam, waɗanga mutane na ko aljannu? Gyara abinka. Ni ban san komi ba ga na'ura."

Ni ma ai ban sani ba, sai dai ni ba ni da wanda zan jefa wa.

Haka na shiga lalube. Na fara da abin da ido ke gani. Gilashin sikana duk shatin yatsu ne, don masinjanmu da ni kanmu ba ma raina ƙuli-ƙuli, na goge shi da auduga. Na ciccire ƙusoshin sitefila da suka sa hotuna ba sa kwanciya daidai. Na canza ribin ɗin firinta, wanda ya koɗe har baƙinsa ya koma toka. Fuskoki suka ɗan matso kusa, amma har yanzu uwa ba za ta gane ɗanta ba. Ga wuta, a kawo a ɗauke. Sau da yawa ina tsakiyar aiki allon zai yi ɗif, in zauna ina kallon fuskata a cikin baƙin gilashi, ita ma ba ta fita sosai ba.

Sai wata rana da hantsi na lura da abin da ke faruwa. Hoton da na ɗauka ƙarami, yadda baƙon nan ya ce, bai fi ƙwayar gyaɗa ba a cikin na'ura. Shi kuwa gurbin hoto na rahoto ya kai faɗin akwatin ashana. To na'urar sai ta kama ɗan ƙaramin hoton ta ja shi ta kowane gefe har ya cika gurbin. Abin da ba a ɗauka ba tun farko ba za ta ƙago shi ba, sai ta cike da hazo. Na sake ɗaukar hoto ɗaya babba, na daidaita gurbin da girmansa, na hana ta ja. Wani manomin Diggi ya fito a takarda har da tsagar kumatunsa. Na yi hamdala, sannan na tuna cewa duk sauran ma sai na sake su ɗaya bayan ɗaya, murnar ta koma ciki.

Na sake su. Wuyana ya ƙage, idanuna suka riƙa ruwa, matata ta ce na fara kallonta a tsuke kamar mai sa zare a allura. Amma rahoto ya gyaru. Mutanen Kalgo suka fito, na Diggi suka fito, samarin Gwandu suka fito.

Dattawan Gwandu ne suka ƙi fitowa. Wasu daga cikinsu, duk yadda na yi, fuskar tana nan a dame, kuma Kawu na cikinsu. Na ɗauko hotunan na asali na kai bakin taga na duba. Ashe ba laifin na'ura ba ne. Baƙin ƙyallen da ke bayansu ya fita, aikin wuyan riga ya fita har zare-zare, amma baki da gemu sun shafe, kai ya ɗan karkata, kuma a yawancinsu akwai wani farin hazo a ƙirji kamar hannu ya gilma. Na rasa gane kan abin. Haushi ya kama ni, na ce mai hoton Gwandu bai iya aikinsa ba, kuma sai na je na gaya masa a gaban idonsa.

Na nemi izini na hau mota. Na sami mai hoton a inda kowa ya san shi, bakin hanyar kasuwa, jikin wata katanga. Abin ɗaukar hotonsa akwatin katako ne mai ƙafa uku, irin wanda ake ɗauka a wanke nan take. Ba shi da abin dannawa. Murfi ne a bakin gilashin, ya cire, ya ɗan jira haske ya shiga, ya mayar. A wannan ɗan jiran ake so mutum ya daskare.

Ban kai ga buɗe baki ba na tarar ya zaunar da wani tsoho a benci. Na tsaya gefe. Ya gyara masa hula, ya ce kada ya motsa, ya cire murfi. Daidai nan wani mai jaki ya biyo ta hanyar.

"Salamu alaikum."

Tsohon ya juya kai, ya ɗora hannu a ƙirji. "Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. An tashi lahiya?"

Mai hoto ya mayar da murfi, ya dube ni, da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

"To ka gani da idonka. Yara na tsayawa, su ba ruwansu. Amma dattijo? Na yi magana har na gaji. In na matsa cikin zaure babu haske, in na tsaya nan kowa ya biyo sai ya yi sallama. In hana mutane sallama cikin Gwandu, a kore ni gari?"

Faɗan da na ɗauko tun daga Kalgo ya bi iska. Akwai masu hoton zamani a Birnin Kebbi, amma su sai fim ya cika ake wankewa, mu kuwa ba mu da wannan lokacin. Akwatin nan dai shi ne.

Na sami Kawu a fadama, a rusune gindin jigo, rigarsa ta jiƙe.

"Ɗan boko, mi yak kawo ka ranar aiki?"

Na gaya masa. Ya saki igiya, ya dafa ƙugu, ya daɗe kafin ya miƙe.

"Hotona anka ce bai yi ba? To haka Allah yay yi ni."

Na ce ba halitta ba ce, sallama ce. Na ce a sake ɗauka, in wani ya yi sallama ya daure ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya dube ni kamar na ce ya sha ruwa da azumi. Sai na jawo ɗan karatun da na yi a zaurensa, na ce ai in jama'a na tare, mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Ni zan tsaya kusa da shi in amsa.

"Na san wagga magana tun ba a haihe ka ba," in ji shi. "Amma mutum in yay yi sallama, ni shika kallo, ba kai ba."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce Kawu, na bar idanuna a kan na'urar nan saboda kai. In ka fi son jigo ka faɗa mini in koma. Ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Ya juya yana kallon kwamin albasar da ruwa bai kai ba tukuna, ganyen ya fara langaɓewa. Can ya ce mu tafi.

Ya sa rigarsa ta Juma'a. Na tara sauran dattawan da na samu, na yi musu bayani, wasu suka yarda wasu suka ce sai sun yi shawara. Kawu ya fara zama. Na tsaya daf da shi, inda ba zan shiga hoto ba. Na leƙa hanya dama da hagu, ba kowa. Mai hoto ya cire murfi.

Daga bayan katanga wani tsohon Bafulatani ya ɓullo da sanda a kafaɗa. Na san shi. Shanunsa ke kwana a gonar Kawu bayan girbi tun ina yaro, tare suke cin goro. Ya ga Kawu, fuskarsa ta washe.

"Salamu alaikum!"

Na amsa da ƙarfi har mai hoto ya zabura. Tsohon ko kallona bai yi ba. Kawu yake kallo, yana jira. Na ga jijiyar wuyan Kawu ta miƙe, na ga ya danne hannunsa na dama da na hagu a kan cinya, ya dantse baki, idonsa a kan gilashin. Murmushin tsohon ya ragu a hankali. Ya gyara sandarsa ya wuce.

Murfi na komawa Kawu ya yunƙura. Babu bangon dafawa, ya dafa kafaɗata har na ji zafi. Bai tsaya ƙugu ya yarda ba, ya bi hanya a rusune, takalmi ɗaya ya fita bai kula ba, yana kira, "Wa alaikumus salam! Tsaya! Wa alaikumus salam!" Mutanen kasuwa suka juyo suna kallo. Ya cim masa can wajen masu icce. Na hango su ya riƙe masa hannu da hannu biyu, ya daɗe yana magana yana nuna akwatin. Ni kuwa na zauna a bencin da ya tashi, kunya ta rufe ni.

Hoton ya fita tas. Na koma Kalgo na kifa shi a gilashi, ya fito a rahoto har ana iya ganin furfurar gira. Rahoto ya wuce. Waɗanda suka ce sai sun yi shawara ba su dawo ba, aka cire su, wannan kuma bai bar damuna ba har yau. Kawu ya sami injinsa kafin albasa ta ƙone. Ya kwance jigo, aka yi wutar girki da sandar. Ya ƙara wasu shekaru yana noma a tsaye, yana jan tiyo, yana yi wa injin tsiya wai ya cika surutu.

Tsohon hoton mai hazo ya tafi cikin fayil, fayil ya tafi inda fayiloli ke tafiya. Na biyun ne ya rage. Shi kaɗai ne hoton Kawu a duniya, aka ƙara masa girma aka rataye a ɗakin babbar 'yarsa. Baki a ɗaure, gira a haɗe, ido a zare, hannu ya danne hannu.

Jikokinsa da ba su riske shi ba sukan tsaya gabansa su tambaye ni, tun da an ce musu ina wurin aka ɗauka, wai kakansu mafaɗaci ne? Wata ƙarama ma ta ce ita tsoronsa take ji, ba ta shiga ɗakin ita kaɗai.

Da can nakan zauna in ba su labarin tun daga jigo har akwati. Yanzu na gaji da maimaitawa. Nakan ce musu su yi masa sallama kawai in sun shiga. Su yi, su tsaya suna kallon bango, ni in amsa daga inda nake zaune.