Injiniya Ja'afar da Injin da Ya Hana Mu Kunnawa

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, bayan la'asar, ina cire wa wani majinyaci allura aka kira ni a waya aka ce Allah Ya yi wa Injiniya Ja'afar Bello rasuwa a gidansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ƙarasa manna filasta, na wanke hannu, sannan na nemi kujera na zauna.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda na wani ƙaramin asibiti a Tarauni. A aikinmu mutum yakan saba da labarin mutuwa har ya fara jin kunyar sabon da ya yi. Na ɗauka na gama sabawa, Injiniya, sai ga naka ya kashe mini jiki.

Shekaru da yawa kai ne mai duba mana injina. Ba ka da yawan magana, kuma ba ka taɓa wuce majinyaci ba ka yi masa sannu ba. Amma idan aka ambace ka, rana ɗaya ce take fara zo mini.

Lokacin zafi ne. An dawo mana da wani inji daga wurin wani mai gyara, saboda ka yi tafiya. Sauran injinan duk da mutane a kai, ga wata baiwar Allah mai suna Mairo daga Ƙauyen Alu tana jira, ƙafafunta sun kumbura, numfashi da ƙyar. Kai kuwa ranar ka dawo daga tafiyar, ka ce sai ka gwada injin tukuna. Ka zuba ruwa a robar da jini ke bi, ka saka mata iska da gangan. Injin ya yi ƙara, ƙarfen da ke matse robar ya rufe. A kunnena komai daidai ne. Ka sake gwadawa, ka haɗa na'urar awonka, sannan ka ɗago.

"Sista Ummukulsum, yau ba za a ɗora kowa a kan wannan ba."

Na ce, "Injiniya, dubi matar nan fa."

"Na gan ta. Ƙarfen nan yana makara."

A tsaye ka yi mini bayani. Ka ce sifirin, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan mai dawowa idan an danne shi, shi ne ke rufe ƙarfen, abin da ke riƙe shi a buɗe kuwa koyil ne, wato naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan wuta na bi ta cikinsa. Da zarar injin ya ga iska a cikin jini sai ya yanke wa koyil wuta, sifirin ya matse robar kafin iskar ta kai jikin mutum. To amma wutar da ke cikin koyil ba ta tsayawa nan take. In an kunna, a hankali take hawa. In an yanke, a hankali take sauka. In kuma aka tilasta mata tsayawa farat ɗaya, sai ta yi tsalle da ƙarfi ta ƙona abin da ke kusa. Mai gyaran da ya gabace ka ya yi maganin ƙonewar ta hanyar buɗe mata zagaye mai sauƙi, inda za ta yi ta kewayawa har ta mutu da kanta. Ƙonewa ta tsaya, amma maganaɗisun yana jimawa bai saki ba.

Ka nuna mini layin a fuskar na'urarka, ya faɗo da sauri da farko, sannan ya yi ta jan jiki. Makarar ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma ka ce ba za ka yi caca da jinin kowa a kanta ba.

Mijin Mairo ya fara ɗaga murya, ban ga laifinsa ba. Ka fita ka same shi, ka ba shi haƙuri, ka ɗauke su a motarka zuwa wani asibiti a wajen Unguwa Uku inda kake duba injina, ka roƙa aka ba ta gado. Ka dawo ko ruwa ba ka sha ba, ka saka wani ɗan abu kamar ƙwayar wake a cikin zagayen nan. Ka ce sunansa risista, aikinsa tauye wuta. Gwargwadon ƙarfinsa, gwargwadon saurin mutuwar wutar, amma in ya yi yawa tsallen nan zai dawo. Ka yi ta canzawa kana aunawa har layin ya yi daidai da na lafiyayyen inji. Mairo ta ci gaba da zuwa wurinmu, ta ga auren 'yarta kafin Allah Ya karɓi abarsa.

Daga baya hawan jini ya taɓa maka ƙoda. Ranar da matarka, Hajiya Nafisa, ta riƙo ka kuka shigo a matsayin majinyaci, sai da na koma ɗakin magani na daɗe kafin na iya fitowa. Ka miƙo hannu kamar kowa, ba ka nemi a fifita ka ba. Mun hana ka shan ruwa da yawa a wannan zafi na Kano, ka yi biyayya. Ƙanƙara guda nake ba ka ka tsotsa, ka yi godiya kamar an ba ka tulu. A watannin ƙarshe ka rame, jijiyoyinka suka yi wuyar samu. Sau ɗaya kawai na ji ka koka. Ka ce, "Sista, ba ciwon ba ne, zuwan ne ya gajiyar da ni."

Maƙwabcin gadonka shi ne Baba Ɗan'azumi, tsohon direban babbar mota, wanda ke ba ka labarin hanyoyi har barci ya ɗauke ka. Ranar Alhamis ya shigo ya ga wani a gadon, ya ce, "'Yata, ina abokina?" Na gaya masa. Ya naɗe hannun rigarsa, ya juya fuskarsa bango, ya ce, "To, ɗora ni."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Nafisa, da 'ya'yanka Rabi'u da Zahra'u, da 'yan uwa da maƙwabta a Gyaɗi-Gyaɗi. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya yalwata makwancinka, Ya hutar da kai. Mu da muka rage a bakin aiki, Allah Ya ƙara mana juriya, Ya sa mu cika da imani. Amin.