Sabulun da Inna ta ajiye wa gawarta

Yayana ne ya kawo shi daga Umra, dunƙule guda mai kusurwa huɗu, launin ƙasa. Ya ce da man zaitun ake dafa shi, a haɗa da man 'ya'yan wata bishiyar ƙasar Sham, kuma yana kwantar da ƙaiƙayi. Don Inna ya sayo shi. Shekara biyu ke nan tana susa. Ciwon suga ya busar mata da fata, ƙwaurinta duk ya tsattsage, in na kaɗe shimfiɗarta da safe sai in ga ɗigon jini. Sabulun kanti kuwa zafi yake mata kamar barkono.

Ta juya shi, ta ga hatimin Larabci a jikinsa, magana ta ƙare. Ta ce abin da ya fito daga Makka da rubutu a kai ba zai shiga makewayinta ba. Ta naɗe shi cikin likkafaninta a akwati, ta ce da shi za a yi mata wankan ƙarshe.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Inna, gawa tana jin ƙaiƙayi ne?" Na kai wa malamin unguwarmu a Mai'aduwa, ya karanta, ya ce sunan mai sana'ar ne kawai. Ta ce ko na wane ne, ai haruffan Alƙur'ani ne.

Ranar da ta yage bayan gwiwarta da farce, haƙurina ya ƙare. Tana sallar Azahar na buɗe akwatin, na ɗauko sabulun, na kankare rubutun da wuƙa. Ashe cikinsa kore ne shar. Idonta ya riga ya yi rauni, sai na ce mata daga kemis na samo wani sabo.

Kwana tara ina yi mata wanka da shi. Susar ta ragu, tsagun suka fara haɗewa, har barcin rana ta yi ba ta motsa ba. Wallahi na ji daɗi.

Rana ta goma ta ce a ɗauko likkafanin a shanya. Ta laluba, ta sake lalubawa, babu sabulun, sai ta shinshina hannunta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Abu ɗaya na roƙa a duniyar nan," in ji ta.

"Inna, ki duba ƙafarki."

"Na duba."

Sauran sabulun kuwa, ta ce in fitar mata da shi daga gida, tunda ya shiga makewayi. Ba ta ƙara yarda na taɓa jikinta ba, maƙwabciyarmu ta koma yi mata wanka da sabulun kanti, susar ta dawo. Ni ma taurin kai ya hana ni durƙusawa in nemi gafara, ina ganin ni ke da gaskiya.

Ta rasu kafin kaka. Na naɗe hannun riga zan shiga wajen wankan, maƙwabciyar ta tare ƙofa, ta sunkuyar da kai, ta ce Inna ta bar wasiyya ban da ni. Na zauna a tsakar gida ina jin ƙarar ruwa.