Ta Toshe Taga Don Kada Magani Ya Fita

Wata rana Lantana mai ɗinki ta yanke hukunci a ranta cewa maƙwabciyarta Asabe ce ta yi mata sammu.

Hujja fa? Babu. Ita dai tun shigowar sanyi, mako uku cur, kullum ta farka sai ta ji kamar ana daka a cikin kanta. Ga jiri, ga tashin zuciya. Ko zare ba ta iya zurawa a allura sai hantsi ya yi.

Ta sha farasitamol har ta gaji. Ta canza matashin kai. Ta daina barcin la'asar.

Ciwo na nan daram.

Sai ta tuna ai Asabe ma ta sayi keken ɗinki kwanan nan. Shi ke nan, magana ta ƙare! Amincin shekara goma sha biyu, amma ko gaisuwar Asabe Lantana ta daina amsawa.

Ta samo garin hayaƙi na karya sammu. Dama da kaskon garwashi take kwana saboda sanyi. Yanzu sai ta ƙara gawayi, ta toshe taga, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, wai kada magani ya fita.

Ciwo ya ƙaru. Ta ce lallai sammun nan mai ƙarfi ne, ta sake ƙara gawayi.

Ran Talata, har hantsi ya wuce ba ta fito ba, sai ta ji ana bugun ƙofa, ta kasa ko ɗaga hannu. Aka banke ƙofar, aka jawo ta tsakar gida, ana yi mata fifita.

Da ta buɗe ido sai ta ga Asabe tana kuka.

"Me ya kawo ki gidana?"

"Ban ji ƙarar kekenki ba tun safe, Yaya Lantana. Haba! Wa yake kwana da gawayi a rufaffen ɗaki?"

A asibiti aka tabbatar mata: iskar gawayi ce take shaƙa, kuma saura ƙiris ta wuce.

Ciwon kai ya tafi cikin kwanaki. Kunyar haɗa ido da Asabe ce ta daɗe ba ta sake ta ba.

Darasi: Idan kullum da ciwon kai kake tashi, duba abin da kake kwana da shi a ɗaki, ka je asibiti, kafin ka zargi wani. Wanda kake zargin nan, wataƙila shi kaɗai ne zai lura ranar da ba ka fito ba.

Tura wa wanda ka san yana kwana da kasko, tun yau.