Likitan da Ke Dafa Fitsarin Yara

Ina cikin raba magani a Bungudu direban motar asibiti ya tsaya bakin taga, ko sallama bai yi ba, ya ce, "Malam Garba, Likita Sanusi ya rasu. Ciwon shawara ne." Na yi salati. Amma Allah Ya sani, ba shi ya fara faɗo mini a rai ba, 'yata Saratu ce, kuma har yau ina jin kunyar haka.

Marigayin matashi ne. Bai gama koyon aiki ba aka ba shi gurbin bincike a kan wani ciwon ƙoda na yara da ba a cika samu ba, wanda yaro kan tashi da fatar ido a kumbure, sai ƙafa, sai ciki. Ya ɗauko akwatin kwalabensa ya sauka Gusau, yana bin Tsafe da Bilbis da Wonaka yana cigiyar irin waɗannan yara.

Da farko gudunsa ake yi, don wa zai ba baƙo fitsarin ɗansa? A gabana wata tsohuwa a ruga ta ce masa, "Mi za ka yi da hitsarin jikana in ba sammu ba?" Bai yi fushi ba. Ya zauna a tabarma, ya kunna 'yar fitilarsa, ya dafa fitsarin a siririyar kwalba har ya yi fari kamar dafaffen ƙwai. Ya ce, "Inna, kin gani? Ƙarfin jikinsa ne ke zuba." Ya miƙa mata ta zubar da hannunta. Daga ranar bai sake fita daga wani gida da fitsarin yaro ba, sai abin da ya rubuta.

Ni da nake taƙama da aikin asibiti, da Saratu ta fara kumbura murna muka yi. Uwarta na cewa yarinya ta yi ƙiba, ana ƙara mata kunun kanwa. Shi ya danna yatsa a ƙwaurinta, gurbin ya ƙi tashi. Ya dube ni ya ce, "Malam Garba, har da kai?" Ya hana ta kanwa da gishiri, ya sa ta kan wata ƙwaya da yake ƙarawa ko ragewa duk Laraba in ya zo duba ta. Yakan ce, "Kada ka yarda da kumatun yaro, tambayi fitsarinsa." Na taɓa tsokanarsa da cewa yana wahala kan ciwon da ba shi da yawa. Ya ce, "Je ka faɗa wa uwar yaron haka."

Yanzu tsoro nake ji. Na iya dafa fitsari, shi ya koya mini, amma ban san lokacin ƙarawa da na ragewa ba, kuma ya gargaɗe ni kada a tsayar da ƙwayar farat ɗaya. Wadda ta rage ba za ta kai mako biyu ba. Na tambaya a Gusau, an ce ba wanda ya nemi gurbinsa tukuna. Saratu kuwa ba a gaya mata ba, Larabar nan ma ta yi wanka ta zauna a zaure.

Allah Ya jiƙan Likita Sanusi, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba mahaifiyarsa da matarsa da ke Damba haƙuri, Ya raya jaririn da ya bari. Yaran da ya bari a hannunmu kuma, ya Allah, kada Ka bar su da iyawarmu.