Jan Ƙwan da Inna Ta Dafa Mini

Ranar Asabar ce, bayan Hajjin shekarar 1965, ranar da aka koma makaranta. Inna ta jawo ni bayan randa a ɗakinmu na langa-langa a unguwar Misfala ta Makka, ta damƙa mini dafaffen ƙwai mai ɗumi, ja wur saboda ta dafa shi da ɓawon albasa. Shekarata tara, ban taɓa cin ƙwai ba, domin a wurin mutanenmu yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Ta ce in ɓoye shi sai an fita tara.

A hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa, iyayena sun yi shekara biyu a garin Lami suna neman guzuri, Inna tana girki a makarantar 'yan Katolika. A can ta ga bikinsu na Ista, wanda suke cewa Annabi Isa ya tashi daga matattu, inda Sistoci suke rina ƙwai su raba wa ɗalibai. Inna ba ta bar sallarta ba ko sau ɗaya, amma ta riƙe abin da ta gani: yaran da ake ba wake da madara da rana ba sa gyangyaɗi a aji. Takan ce, "Karatu ba ya zama a cikin da ba komai."

Wata maƙwabciya ce ta yi mana hanya na shiga makarantar 'yan mata, tunda ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Kafin in tafi sai na ɗebo ruwa garwa biyu, na share ɗaki, na sha shayi tsura. Allon yakan yi mini hazo kafin azahar. Da Inna ta fara ba ni ƙwan kazarmu guda ɗaya, sai idona ya buɗe. Cikin sati uku na kai harafin jimun, har Abla, malamarmu, ta shafa kaina. Har ina iya yin 'yar gala-gala da sauran yara ba tare da jiri ya ɗebe ni ba.

Baba, wanda yake dako a Mina lokacin Hajji, shi ya tsinci jan ɓawon a aljihuna. Ya ce wa Inna, "Al'adar Nasara a Makka, Hauwa? Mu da ba mu da takarda? Ga shi za ki mayar mini da 'ya ɓarauniya!" Tsoro ne ya yi masa yawa, yanzu na gane. Washegari ya sayar da kazar.

Na koma shayi tsura, hazon ya dawo. Wata Talata wata yarinya ta ajiye gurasar tamis da cuku a kan benci ta tafi shan ruwa. Ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Aka kama ni da lomar a baki, aka tambayi takarduna, aka ce kada in dawo. Baba ya ce ƙwan da na riga na ci ne ya yi aikinsa. Inna ta juya ta fuskanci bango tana ta kankare tukunyar da ta riga ta wanke.

Jikata Maryam ce take rubuta mini wannan, tana dakatawa idan kuka ya ci ƙarfina. Mijina ne yake karanta mini komai shekara arba'in, har takardar magani. Tun da ya rasu sai in jira wani ya shigo. Yau yaran gidanmu suna dawowa da ƙwai da tuffa a jaka ba su taɓa ba, ni kuma in karɓa in ɓare musu. Har yanzu a jimun karatuna ya tsaya.