Lungunmu a Cikin Kwamfuta

Ƙanena malamin makaranta ne. Da aka turo shi Batsari, a ɗakin zauren gidana ya sauka. Lokacin da aka yanke layukan waya ne saboda 'yan bindiga, lokacin da in akuyarka ta yi nisa da gari sai dai ka sallama ta. Ni ban yi boko ba, amma kunnena ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

Kullum bayan la'asar yana kan tabarma da kwamfutarsa, yana tsaki, wai laburare ya ƙi hawa. Na ce, "Auta, laburaren da na sani ɗakin littattafai ne. Ina kuma zai hau?"

Ya yi dariya. Ya ce wannan tarin kayan aiki ne da wasu suka rubuta. In ya zauna daidai, kwamfuta za ta zana abu da tsawo da faɗi da kauri, har ka juya shi ka ga bayansa. Ɗalibansa yake so ya koya wa siffofi da shi. Amma da ya danna, sai baƙin allo da jan rubutu. Wani guntu ne ya rage, kuma ba ya samuwa sai da sabis.

Sai ya shiga hawa babur yana bin hanyar Safana, zuwa wani dutse da ake cewa sabis na ɗan leƙowa. Ban so ba. A kwanakin nan, duk wanda aka hanga kan dutse riƙe da waya, sai an tambayi wa yake kira.

Ranar da abin ya yi, ina tankaɗe ya kira ni. Wani akwati na gani yana juyawa shi kaɗai, har na yi salati. Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma akwati ya zama ɗaki, ɗaki ya zama gida, sai ga lungunmu sukutum: masallaci, rijiya, katangar da ta zube, da 'yar hanyar da ke ɓullewa bayan gari wajen Ruma.

Mahaucin da ke maƙwabtaka da mu ya shigo zaure da ƙunshin balangu, ina daga bayan labule.

"Malam, sannu da fama. A'a, wannan ai lungunmu ne."

"Shi ne, Baba. Duba, har juyawa yake."

"Ga ma ƙofar bayan gidana." Ya ajiye ƙunshin balangun. "Wa za a nuna wa?"

"Yara, a aji."

"To. Yara."

Washegari gaisuwar mahaucin ta gajarce. Mutumin da yake tambayar gajiya da iyali da makaranta, har da lafiyar babur, ya koma "sannu" kawai. Bayansa sai liman, sai mai shayi. Ina shanya a gindin katanga na ji matan gidan can suna magana ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya ta tsallako: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. A garinmu, wanda aka laƙa wa wannan sunan ba a kai shi gaban alƙali.

Na sami Auta a zaure na ce, "Goge."

"Yaya, zane ne fa."

"Goge, sannan ka haɗa kayanka."

Ya goge a gabana, amma wanda ya gani ya riga ya gani. Ranar kasuwa na tura kwamfutar tsakiyar buhun gero na ɗinke bakinsa, Auta ya hau a-kori-kura mai zuwa Katsina da buhun. Mahaucin yana tsaye bakin teburinsa da wuƙa a hannu, bai ɗauke ido ba har motar ta sha kwana.