Gwajin Kyandir na Baba Kafinta

Shekara arba'in da biyu Baba Kafinta ya yi yana gaba da iska. Ba ta taɓa yi masa komai ba, shi ne dai ya yanke hukuncin cewa duk akwatin da iska ta samu hanyar shiga, aikin ragwaye ne. Idan ya gama kabad ko akwati, sai ya kunna guntun kyandir ya sa a ciki, ya rufe, ya tsaya yana duba agogo kamar likita. In ya buɗe ya tarar wutar ta mutu, aiki ya yi. In kuwa tana ci, mai kaya ya ƙara haƙurin mako guda. Wata mata ta taɓa ce masa ita kwanuka za ta zuba a ciki, ba shaƙe su take son yi ba. Ya ba ta shawarar ta nemi wani kafintan.

'Ya'yansa huɗu, kuma uku suna da abin da ya yi musu da hannunsa: babban yana kwana a gadonsa, mai bi masa tana da kabad, na ukun, tela, yana yanka a teburinsa. Auta ce kaɗai ta fita zakka. Shekararta ashirin da bakwai, tana gwajin jini a wani asibiti, in ta dawo ta zauna gaban allo tana harbin dodanni. Gadonta na ƙarfe ne, teburinta na gilashi. Abin yana cin Baba a rai, amma bai taɓa faɗa ba, sai dai ya ƙwanƙwasa teburin ya ja tsaki. Ga shi hannunsa na dama ya fara rawa, har ya koyi ɓoye shi a aljihu. Ya san ayyukan da suka rage masa ba su da yawa, kuma yana son ɗaya daga ciki ya zama na Auta.

Sai ta tashi haɗa sabuwar kwamfutar wasa. Ba ta sayi haɗaɗɗiya kamar sauran bayin Allah ba, ɗaya bayan ɗaya take zaɓen kayan cikin. Wata biyar gidan bai ci abinci cikin kwanciyar hankali ba. Yau wannan ƙwaƙwalwar ta fi sauri amma ta fi zafi, gobe babban allon da ake dasa komai a kai bai dace da ita ba, jibi katin hoto, wani ƙato mai girman bulo da fanka uku a jikinsa, yana neman wuta fiye da firjin gidan.

"Ni da na zaɓi uwarku ban yi wata biyar ina bincike ba," in ji Baba.

"Ai ni ce ya kamata in yi binciken," in ji Inna, ta ci gaba da cin abincinta.

Ranar da Auta ta ce saura akwati kawai, Baba ya ajiye cokali.

"Akwati? Ina raye a gidan nan za ki sayo akwati?"

"Baba, ba irin naka ba ne. Wannan sai iska ta shiga ta fita."

"To, malama."

"Da gaske, Baba. Kayan suna zafi, iska suke so."

"Na ji."

"Iska fa, Baba."

"Tun ba a haife ki ba nake yin akwati."

Gaskiyarsa ce, kuma wannan gaskiyar ce ta toshe masa kunne. Ya auna kowane abu da tef, ya rubuta a bangon shago da fensirin da ke bayan kunnensa. Mako uku yana aiki da katakon da ya ɓoye tun shekara goma yana jiran aikin da ya isa. Babu ƙusa ko ɗaya a jiki. Ramukan da ya yarda ya huda na wayoyi ne kawai, su ma ya zagaye su da roba don kada wata iska ta yi tunanin bin waya ta shiga. Da ya sa kyandir, ko minti uku bai cika ba ya mutu. Har mai walda na maƙwabta sai da aka kira ya zo ya ga gawar.

Auta ta karɓa, ta yi godiya, ta dasa kayanta a ciki. Akwatin ya yi kyau, wannan ba a musu. Minti goma sha biyu da fara wasa, fankokin suka ɗauki kuka kamar injin niƙa, allo ya yi baƙi. Ta kai ƙara wurin Inna, Inna ta ce ta rufa wa kowa asiri ta yi shiru. Don haka mako biyu tana wasa da ƙofar akwatin a cire, da fankar tsaye tana hura masa ciki. Da ta ji tarin Baba a tsakar gida sai ta mayar da ƙofa, ta jawo fankar gabanta, wai zafi take ji.

Wata Asabar da rana ya dawo ɗaukar tabaransa, kuma ranar tarin ya ƙi zuwa. Ya tarar da ƙofar da ya yi kwana huɗu yana gogewa a yashe a kan gadon ƙarfe.

"Mayar da ita," ya ce.

"Baba..."

"Mayar, ki kunna."

Ta mayar, ta kunna. Shi kuma ya tsaya yana duba agogo, don jikinsa bai san wata tsayuwa a gaban rufaffen akwati ba. Kukan ya tashi, ya ƙaru, sannan komai ya yi tsit. Ya ɗora tafin hannu a kan katakon, ya ji zafi. Ya san irin wannan mutuwar, shekara arba'in da biyu yana kallonta yana yabon kansa.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa sau uku, Baba."

"Ba ki faɗa da ƙarfi ba."

"Ba komai," ta ce a hankali. "Zan nemo na ƙarfe. Wannan sai in riƙa zuba littattafai."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fita ko tabaran bai ɗauka ba.

Washegari da safe ya sa ta kwashe kayanta daga ciki, ta kawo akwatin shago. Ya zaro fensir, ya yi gyaran murya har sau biyu, sannan ya yi abin da babu mai rai da ya taɓa ji daga bakinsa: ya yi tambaya. Ta ina iskar ke shiga, ta ina take fita? Ta nuna masa gaba da ƙasa, baya da sama. Ya ja layuka, ya ɗiga alamomi a jere. Amma da ya ɗora bakin injin huda a kan alamar farko, hannun ya tona masa asiri. Bakin ya zame ya bar ɗan tabo a katakon. Ya sake, ya sake zamewa. Auta ta kawar da kai, ta shiga karatun lissafin da ke bango.

"Zo ki riƙe," ya ce. "Ba don komai ba, don ki koya."

Ta riƙe, ya ɗora hannunsa a kan nata, rawar ta ragu. Rami ɗari uku da goma sha shida suka huda kafin la'asar, a kowanne yana yi mata gyara: ta karkace, ta danna da yawa, wa ya koya mata tsayuwa haka. Ita kuma tana cewa to.

Da suka gama ya laluba aljihun tebur ya ɗauko guntun kyandir. Ya kunna, ya sa a ciki, ya rufe. Minti uku ya wuce, biyar, goma. Ba sai an buɗe ba, hasken yana leƙowa ta kowane rami yana sauka a hannuwansu.

"Aikin banza," in ji Baba Kafinta.

Amma bai hure shi ba. Ya jawo benci ya zauna kusa da 'yarsa, suka bar shi yana ci har ya ƙare.